Hoton Ishaya da Babu a Bangon Falo

Ishaya, wannan babin naka ne, sauran ku matso ku saurara. Kirsimetin da ya wuce muna cin shinkafa a falo, matarka ta ɗaga kai ta ga hoton Alheri da na Markus, kowa cikin doguwar rigar bikin yaye 'yan makarantar nazare da hula mai tuntu, ta tambaya ina naka. Ka yi dariya ka ce:

"Ai ni Mama ta hana ni digirin farko."

Kowa ya yi dariya, ni ma na taya, don ba na kunyata ɗana a gaban suruka. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, kuma na san inda ka samo ta. Shekara da shekaru tana yawo a dangin babanku: wai Talatu aji huɗu ta tsaya, ba ta san darajar boko ba, an ba ɗanta karatu kyauta ta sa ƙafa ta shure. Aji huɗun gaskiya ne. Kyautar ma gaskiya ce. Shurewar kuwa na yi ta, idona biyu, kuma ban taɓa neman gafarar kowa a kanta ba. Dalilin ne ba a gaya muku ba, don masu ba da labarin ba su kasance a wurin ba.

Alheri da Markus sun yi nazare ne muna Samaru, makarantar tana bayan katangarmu. Ina wanke-wanke ina jin waƙarsu, in Markus ya fashe da kuka ina gane muryarsa a cikin yara. To babanku tela ne, ɗaliban jami'a ne masu kawo masa ɗinki, da yajin aiki ya yi ta rufe jami'a sai keken ya yi ta kwana a rufe. Muka tattara muka koma Sabon Gari, ya kama shago kusa da kasuwa, muka kama ɗaki biyu a gidan hayar Hajiya Indo. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, ana zuwa ƙarƙashin lema a biya a buga. Manyan biyu muka sa su firamare a nan kusa. Kai kuma kana gindina, baki kamar rediyo. Ni ka gado. Kaza ma in ta wuce sai ka tambaye ta ina za ta.

Baba Dauda, yayan babanku, yana aiki a ofis a jami'a. Kada wanda ya ji na zage shi, mutumin kirki ne. Shi ya riƙe babanku bayan rasuwar iyayensu, shi ya saya masa keken ɗinki. Sai dai mutum ne da in ya yi maka alheri, har yadda za ka riƙe alherin sai ya tsara maka. Wata Lahadi bayan an tashi coci ya zo, ya tarar da kai kana tuƙa gwangwanin madara a tsakar gida.

"Maman Alheri, wannan me yake yi a gida har yanzu?"

"Yaya, ai bai cika uku ba."

"Uku ake jira? Duniya ta canja. Yaron da bai yi nazare ba, ko firamaren kirki ba za su dube shi ba. Ranar Litinin ya fara inda Rifkatu take. Kuɗin makaranta nawa ne, yunifom nawa ne, mai acaba ma na gama da shi."

Rifkatu autarsa ce, sa'arka, kuma makarantar a Samaru take. Babanku ya yi ta godiya har yana cire hula. Ni ma na durƙusa na gode. Wa zai ƙi? Matan gidan har guɗa suka yi mini.

Mai acaban sunansa Audu, yaro mai ladabi, aikinsa kwasar yaran Sabon Gari zuwa makarantun Samaru. Kafin rana ta fito sosai yana ƙofar gida. Yakan jera manya a baya, kowa ya rungumi na gabansa, kai ƙarami a ɗora ka a kan tankin mai. Ni mace ce ta gida, kun sani, in ba coci ko kasuwa ba sai in yi wata ban taka titi ba. Ina miƙa ka, sun sha kwana, shi ke nan a wurina ka isa makaranta. Ba a daɗe ba sai takalmanka suka fara ɓacewa, ƙafa ɗaya ɗaya. Ka dawo da na dama babu na hagu. In tambaye ka, ka ce ba ka sani ba. Surutun nan kuma ya ɗauke. Kana dawowa in sa maka abinci, in juya in ɗebo ruwa, in tarar ka yi barci da loma a hannu. Babanku ya ce karatu ne yake shiga. Sai wata safiya Audu ya ce mini:

"Madam, ki ba ni tsohon zani mana. Oga ƙarami yana gyangyaɗi a hanya, gara in riƙa ɗaure shi a cikina."

Na shiga na ɗauko zanin da na goya ku da shi duka, mai ruwan ganye, na ba shi. Har na yaba masa hankali.

Ran da idona ya buɗe, babanku ne ya aike ni in kai wa wata mata ɗinkinta a Samaru, don ta matsa tun da sassafe take so. Na shiga bas, na samu gefen taga. Muna isa Kwangila hanya ta cushe, tireloli ta ko'ina, hayaƙi, hon, masu acaba suna kurɗawa ta tsakanin motoci. Sai idona ya faɗa kan zani mai ruwan ganye. Ishaya, barci kake yi shakaf. Kanka ya karye gefe guda yana lilo, bakinka a buɗe, ƙafarka ta hagu ta saki tana reto, takalmin ya rataye a yatsa. Ka zame ƙasa, zanin da ya kamata ya riƙe ƙugunka ya koma hammatarka. Kuma tayar tirela tana juyawa daidai kunnenka, ta fi ka tsawo nesa ba kusa ba. Duk macen da ta taɓa goyo ta san yaro in ya yi barci nauyinsa ƙaruwa yake, ya riƙa sulalewa. Uwa takan ji a bayanta, ta sunkuya, ta cilla shi sama, ta ƙara tamke majanyi. Audu hannunsa biyu suna kan kan mashin, idonsa na kan hanya. Da me zai gyara ka?

Na buga jikin motar da ƙarfi.

"Direba, tsaya! Akwai sauka!"

Kwandasta ya ce, "Haba Mama, a tsakiyar titi? Kuɗin Samaru fa kika biya."

"Riƙe Samarun, na bar maka. Buɗe mini ƙofa!"

Na sauka da ƙunshin ɗinki a hammata, na ratsa motoci ana zagina, na cafke kan mashin ɗin Audu. Na kai hannu bayansa inda ya ƙulla zanin. Ja ɗaya na yi, ɗaya tak, ƙullin ya warware. Ɗaurin namiji ne, irin na bakin buhu. Ba laifinsa ba ne, wa ya taɓa koya masa goyo? Ya tsorata ya ce:

"Madam, wallahi ban taɓa yar da ɗan kowa ba."

"Na sani, Audu. Nawa ba zai zama na fari ba."

Na saɓa ka a baya da yunifom ɗinka, na ɗaure da zanin nan ɗaurin da ya dace, ko motsi ba ka yi ba. Ɗinkin matar nan bai isa Samaru ranar ba.

Babanku da ya ji, ba tirelar ce ta fara zuwa masa ba, yayansa ne. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai.

"Maman Alheri, da wane baki zan gaya wa Yaya?"

"Ba sai ka gaya masa ba, Baban Alheri. Ni ina da baki, har ya yi mini yawa."

Baba Dauda ya zo da kansa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa, na ba shi labari tun daga takalmi har taya. Ya saurara, sannan ya ce sai a canja mai acaba, ko a sayi igiya mai ƙarfi. Na ce ba Audu ba ne matsalar, hanyar ce da shekarun yaron. Ya ce to a kawo ka gidansa ka zauna, ka riƙa zuwa mana hutu. Na ce yaron da har yanzu sai ya riƙe kunnena yake barci, ba zan ba da shi don waƙar Turanci ba. Nan ransa ya ɓaci.

"Yara nawa ake kaiwa a mashin kullum a garin nan? Naki ne ƙwai?"

"Yaya, ku yi haƙuri. Na sauran ban gan su ba. Nawa na gani."

"Ke me kika sani game da karatu? Za ki kashe wa yaro gaba saboda tsoro."

"Ban san karatu ba, Yaya, goyo na sani. Ku da kuke ofis yau, wace nazare kuka yi?"

Wannan ta ƙarshen ita ce ba a yafe mini ba. Ban faɗe ta don raini ba, tambaya ce, kuma har yau ba wanda ya amsa mini. Ya tashi ya sa takalminsa, ruwan ma bai sha ba. Babanku ya yi kwanaki yana cin abinci a shago.

Kada ku ɗauka na zauna na naɗe hannu. Ni da ba na son fita, sai da na taka Sabon Gari lungu lungu da kai a baya, har wajen Zabi na kai. Na ga nazaren da garejin mota ne aka sa wa allo, yara a cushe, kwano ya ɗau zafi, malama ɗaya da bulala, yarinya ce da ba ta fi Alheri da yawa ba. Na ga masu kyau, da lilo da fenti, amma kafin su gama lissafa maka yunifom na Litinin da na wasanni da kuɗin biki, ka san ba da ɗan tela suke ba. Ta cocinmu ma na je, aka ce ana rage wa 'yan coci, ragin da aka yi bai kai inda hannunmu yake ba. Na dawo ƙafa a kumbure na zube a gindin mangwaron tsakar gida. Hajiya Indo tana tsintar shinkafa, ta dube ni ta ce:

"Ke Talatu, kina ta yawon neman malami, ga malama a ɗakin ƙarshe tana fama da murhu."

Malama Rahila take nufi. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, ba ta da kowa a kusa, ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwa, fansho kuma sai an ga dama. Sau da yawa gari take jiƙawa ta sha, don ba ta iya tsugunno gaban wuta. Na same ta na ce ba mu da kuɗin biyanta, amma muna da tukunya. Ta yi dariya har da hawaye.

"Maman Alheri, wato da tuwo za ki ɗauke ni aiki?"

"Da tuwo da miya, Malama. Ran Lahadi har da nama, in Allah ya hore."

Haka muka kafa abin da muka riƙa kira adashin girki. Yadda ake zubin adashi kowa da ranar ɗaukarsa, haka muka raba kwanaki, sai dai mu ranar zubi kowa take da ita, mai ɗauka kullum Malama ce. Ran girkinki, ke za ki kai mata abinci safe da rana da dare, ki ɗebo mata ruwa, ki share gindin mangwaro, ki zauna kusa don kai yara bayan gida da share majina. Da ni, da Maman Chinedu mai sayar da garin rogo, da surukar Hajiya, da wasu mata biyu daga gidan da ke kallonmu. Hajiya ta kafa sharaɗi tun ranar farko, jikokinta da safe suna nan, da la'asar suna makarantar allo, kuma ban da waƙar coci. Malama ta ce waƙar coci tana coci, nan ƙirga ne da baƙaƙe. Ba a sake tayar da maganar ba. Babanku, da fushinsa ya sauka, shi ya shafa baƙin fenti a bango ya zama allo, ya riƙa kawo ƙyallayen shago ana koya muku launi da su. Da marafan kwalba kuka koyi ƙirga, a ƙasa kuka fara rubutu da tsinke. Wanda barci ya ɗauka a kwantar da shi a tabarma, ba mai tashinsa. Rana na take tsaka an tashi. Surutunka ya dawo har Malama tana cewa in zo in ɗauki rediyona. Ita ma ta yi kumari, Maman Chinedu tana tsokanarta wai saura a kawo mata miji.

Lokacin da Rifkatu ta kusa gama nazare, Baba Dauda ya aiko babanku da saƙon sulhu. Ya yi magana da mai makarantar. In ka koma ka yi zango ɗaya kacal, za a sa ka cikin masu bikin yaye, ka sa riga, a ba ka takarda, ka wuce firamarensu, shi zai ci gaba da biya. Babanku ya shigo da murna, ya ce ga hanya ta buɗe, kowa ya fita kunya. Na tambaye shi da me za ka riƙa zuwa. Ya ce da Audu mana, ai ka girma yanzu. Na ce jiya jiya ka yi barci a kan tabarmar Malama da alli a hannu.

"Zango ɗaya ne fa, Maman Alheri!"

"Zango ɗaya safiya nawa ce? Wacce daga ciki za ka sa mini hannu a kanta?"

Sai ya ce to ko mu ari rigar Rifkatu bayan biki, mu kai ka wurin mai hoto, a rataya a bango kamar na 'yan'uwanka, mutane da yawa suna haka. Na ce ba zan rataya ƙarya a inda nake addu'a ba. Ran bikin an gayyace mu, muka je. Ka ga Rifkatu cikin riga da hula ana ta ɗaukarta hoto, ka ja zanina ka ce, "Mama, ina tawa?" Ka yi kuka tun daga Samaru har gida. Wannan kukan ina jinsa har yau. Na rungume ka, amma ban canja magana ba.

Firamaren gwamnati na kai ka. Hedimasta bai tambayi wata takarda ba. Ya ce ka ɗora hannu bisa kai ka kamo kunnen ɗaya gefen, ka kamo, ya ce a kai ka aji ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya yi daɗi ba. A ƙasa ka zauna, ajin ya cika maƙil. Ƙirga da karatun Hausa ba a fi ka ba, amma Turanci Rifkatu ta yi maka nisa, in an haɗu gidan biki tana zuba shi kai kana ɓuya a bayana. Sai da ka kai sakandare ka kamo. Markus ma ya biya nasa kason, shi da bai ji ba bai gani ba: Baba Dauda ya yi alkawarin ɗaukarsa ya yi sakandare a wurinsa, maganar ta mutu, ya yi sakandaren jeka-ka-dawo a nan. Markus, na san ka sani, kuma ba ka taɓa buɗe baki ka ce mini komai ba. Allah ya yi maka albarka. Baba Dauda kuwa bai sake taka gidanmu ba sai da ciwo ya kwantar da shi aka riƙa kai shi asibiti ta wajenmu. Kunun da ya iya sha a kwanakinsa na ƙarshe nawa ne. Maganar nazare ba mu taɓa tayar da ita ba, shi bai ce na yi daidai ba, ni ban ce na yi kuskure ba.

Akwai abin da dangi suke so su jefe ni da shi, bari in riga su faɗa. Audu bai taɓa yar da yaro ba. Ya yi shekaru yana wannan aikin, duk yaran da ya kwasa sun girma, har ya sayi mota. Sukan ce, kin gani, da kin bar shi ba abin da zai faru. Mai yiwuwa. Amma ni ba a nuna mini ƙarshen labari ba ran nan a Kwangila. Kan ɗana aka nuna mini da tayar tirela, aka ce in zaɓa. Ban ce nazare banza ce ba, biyu daga cikinku sun yi, na ji daɗinta. In tana kusa, in aljihu zai ɗauka, in yaro zai je ya dawo da bakinsa da takalmansa, a kai shi. Amma a ce dole ce, ko ta halin ƙaƙa, ko da za a ɗaure yaro kamar buhun masara, wannan ban yarda ba da, ban yarda ba yanzu. Abin da ɗan shekara uku yake nema, barci ne ya ishe shi, da 'yan'uwan wasa, da babba mai haƙurin amsa tambaya. Mun samo maka su da tuwo da miyar kuka.

Yanzu na ji kai da matarka kuna shawarar sa 'yarku makaranta, ita da ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. 'Yarku ce, ba zan zama Baba Dauda a gidanku ba. Abu ɗaya nake roƙo: ko ina ne, ka bi hanyar da kanka, da safe, a lokacin da za ta riƙa bi, ka gani da idonka.

Bangon falo kuwa, ka ƙara dubawa. Kusa da hoton Markus akwai ƙusa. Babanku ya buga ta don hotonka tun ran da Baba Dauda ya kawo yunifom, na hana a cire. Zanin mai ruwan ganye yana nan, ya koɗe, gefe ɗaya ya yage. Da shi na goya 'yarka ran Kirsimetin nan, ta yi barci a bayana kana ba da labarin digirinka, ba ka ma gane shi ba. In ƙusar ce take damunka, zo in ba ka shi ka rataya. Hoton ne ba ni da shi. Kai ina da kai.